Shatin Tsumagiya a Ƙarƙashin Fata

Da ana dawo da rana baya, akwai wata safiyar Juma'a da zan roƙa a dawo mini da ita. Ba zan sake komai a cikinta ba sai abu ɗaya. Zan bar tsumagiyar nan inda na gan ta, jingine da gindin mangwaro, in shiga garke hannuna wayam. Maruƙa bakwai na doka a ranar. Ba su yi mini laifin komai ba, ni ne nake sauri.

Sunana Garba, amma a Keffi sai ka ce Garba Mai Maruƙa kafin a nuna maka gidana. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Sana'ata ita ce renon maruƙa maza, waɗanda uwarsu ta mutu a ruga, ko waɗanda masu gonar madara ba sa bukata. Ina riƙe su wata huɗu ko biyar, sannan in kai wa masu neman nama mai taushi. Yanzu samari kan zo wurina, wasu ma ɗalibai ne, su leƙa garke su ce, "Baba, ai wannan harkar ba wuya. Ka sayo, ka zuba dusa, ka sayar." Sai in yi dariya in ce su sami wuri su zauna. Saboda su nake wannan rubutu.

Aikin farko da aka koya mini shi ne shayar da maraƙi a bokiti. Wanda ya koya mini Baba Audu ne, wani tsoho Bagwandare mutumin Gitata, da ya kafa garkensa a bayan gari kusa da rafi. Za ka ɗumama madara, ka taɓa da bayan hannu, kada ta fi ɗumin jikinka. Ka tsoma yatsu biyu a ciki ka miƙa wa maraƙin. Zai sunsuna, ya ja baya, ya sake dawowa. In ya kama yatsun, za ka ji harshensa kaushi-kaushi, bakinsa da ɗumi. To sai ka riƙa sauke hannunka a hankali, yana biye da shi, har bakinsa ya taɓa madarar. Yana tsotso, kana zare yatsun kaɗan-kaɗan, har ya zamana shi kaɗai yake sha bai ma sani ba. Wani maraƙin kwana biyu ya isa. Wani sai ya yi mako. In ka gaji ka danna kansa cikin bokitin, madara za ta bi ta hancinsa, ya kama tari, kuma daga ranar ya ɗauki hannunka abin gudu.

Har yau in na lumshe ido bayan azahar a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidana, safiyar garken nan nake gani. Damina ce, hazo ya taso daga rafi ya kwanta a kan ciyawa, ba ka ganin ƙafafun maruƙan sai bayansu, kamar suna yawo a kan farin ruwa. Baba Audu yana tafe a tsakiyarsu da bokiti, yana wata 'yar waƙa da Gwandara a ƙasan maƙogwaro. Ban taɓa sanin ma'anarta ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Ba taka ba ce, tasu ce." Wani na jan gefen rigarsa, wani na tura masa kai a cinya, shi kuwa yana kiran kowa da sunan da ya raɗa masa: Mai Gemu, Alhaji, Ɗan Sanda, Kwaɗayi.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Bokitai huɗu da ake wankewa da ruwan zafi safe da yamma, komin katako na dusa da tunkuza, igiyar rama da ya murza da kansa har ta yi laushi, buroshin wanke kaya da yake sosa musu wuya da shi, tsofaffin buhunan da ake lulluɓa wa mai jin sanyi, sai kanwa da gishiri a cikin gwangwani. Akwai kuma wani faffaɗan katako da ya buga wa ƙananan sanduna a gicciye, na hawa mota. Shekara tara na yi tare da shi ban ga sanda a garken ba, sai tasa ta dogarawa, ita ma a bakin ƙofa yake barinta.

Ɗora maraƙi a mota shi ne inda ake gane mai kiwo. Baba Audu kan sa direba ya kashe inji, a jingina katakon, a shimfiɗa buhu a kai, a zuba yashi da harawa a bayan motar. Sai ya tsaya daidai kafaɗar maraƙin, ya ba shi yatsu, ya soma tafiya. Maraƙin zai bi yatsun har cikin mota. In ya toge, sai tsohon ya durƙusa ya dubi abin da yake kallo. Sau da yawa inuwa ce ta gitta, ko ƙyallin ruwa a ƙasa, ko wata leda da iska ke kaɗawa. A kawar da ita, sai ya wuce. Kuma ba ya yarda a yanka maraƙi ranar da ya sauka daga mota. Sai ya kwana a rumfar da ke bayan kwata, ga ruwa ga inuwa, numfashinsa ya daidaita. Yakan ce duk abin da ya sami maraƙi yana da rai, za a same shi a tukunya.

Babbar mai sayen namanmu ita ce Mama Chinyere, wata 'yar kudu mai gidan abinci a bakin hanyar Abuja. Direbobi da ma'aikata kan tsaya musamman don farfesunta. Ba ta aiko kowa, da kanta take zuwa kwata da manyan robobinta. Takan danna tsoka da babban yatsa ta ɗaga, ta jira ta ga yadda gurbin zai cike. Naman maraƙin da ya rayu cikin natsuwa launinsa kamar cikin gwaiba yake, da ɗan danshi, yana sheƙi. In ta ga haka sai ta ce, "Ehen! Baba, wannan ko kakata marar haƙori za ta ci."

Da gwiwoyin Baba Audu suka gaza, sai ya bar mini garken. Bai tsaya nan ba, ya kama hannuna muka hau acaɓa har gidan abincin.

"Madam," in ji shi, "daga yau in kin ga wannan, kin gan ni."

Ta dube ni tun daga hula har silifa. "Baba, wannan yaronka ƙafarsa tana rawa fa. Tun da ya shigo bai zauna ba."

"Zai zauna," in ji Baba Audu. "Ni na tsaya masa."

Gaskiyarta ce, ban zauna ba. Na ga kamar tsohon ya ɓata shekarunsa a kan maruƙa goma sha biyu, alhali ana neman nama har daga Abuja. Na ninka su, na sake ninkawa, na buɗe garke na biyu a gonar wani ɗan'uwana a Agwada. Lokacin miƙa wa kowane maraƙi yatsu ya ƙare. Na soma danna kawuna a bokiti. Na daina raɗa musu suna. Wata rana wani ya ƙi shiga rumfa ga hadari ya haɗo, na karyo reshen tsamiya na zuba masa sau biyu, ya shige da gudu. Na ce ashe abin da sauƙi. Daga ranar tsumagiyar ta zama cikin kayan aikina.

A shekarar da ruwa ya yi jinkiri har masara ta soma naɗewa, Mama Chinyere ta tashi aurar da 'yarta ta fari. Tun saura wata uku ta kira ni ta ce maruƙa bakwai take so, kuma ta riga ta gaya wa dangin mijin cewa za su ci naman da ba su taɓa ci ba. Ta ce ta aika wa Baba Audu kati, a teburin gaba zai zauna. Biki Asabar, yanka Juma'a da safe, ke nan ranar Alhamis ya kamata in kwaso su daga Agwada su kwana a bayan kwata. Amma ranar Alhamis ɗin sai aka buga mini waya cewa ga wasu maruƙa a wata ruga kusa da Garaku, in ban zo ba wani zai ɗauke. Na ce ai kwana ɗaya ba komai ba ne. Na tafi Garaku.

Juma'a rana ta riga ta fito na isa Agwada da akori-kura. Na manta katakon hawa a Keffi. Direba bai kashe inji ba, sai hon yake yi, wai yana da lodin doya. Maruƙan suka ji ƙara, suka ga baƙin ramin bayan mota, suka cure waje ɗaya. Na juya na ga tsumagiyar jingine da mangwaro. Na ɗauka. Wanda ya toge na zuba masa a gadon baya da cinya, wanda ya kwanta na murɗe masa wutsiya har ya miƙe. Ni da direban muka riƙa kama kunne da wutsiya muna cilla su a kan ƙarfe tsirara, babu yashi babu harawa. A hanya duk ramin da muka faɗa ina jin su suna zubewa a kan juna. Kafin mu fito babban titi taya ta fashe. Muka daɗe a nan, rana tana dukan ƙarfen motar, ko kofi ɗaya na ruwa ban zo da shi ba.

Ɗanlami mahauci, abokina tun muna yara, shi ke jiranmu a kwata. Da ya ga yadda suka sauko, ƙafafu na karkarwa, kumfa a baki, sai ya mayar da wuƙarsa kube.

"Sarkin sauri, daga yaƙi ka kwaso su?"

"Kai dai yi aikinka, Madam na hanya."

"Garba, ka bar su su sha ruwa su kwanta, ko zuwa la'asar ne."

"La'asar ta gidanku? Mata na can sun hura wuta. Yanka kawai."

A cikinsu akwai wani fari mai baƙin kunne ɗaya. Shi ne na ƙarshe da na shayar da yatsuna kafin in daina. Yana tsaye yana haki, sai ya tako ya zo inda nake, ya sa baki yana lalubar hannuna, hannun da ke riƙe da tsumagiyar. Na ture kansa na ce a fara da shi.

Ɗanlami ya hau fiɗa. Da ya gama na uku sai ya kira ni. "Zo ka ga rubutunka." Ya ɗaga fatar. A kan gadon bayan, ga shatin tsumagiya nan layi-layi, jini ya kwanta baƙi ƙirin, ana iya ƙirga su. A ƙugu da haƙarƙari, inda suka riƙa faɗuwa a kan ƙarfe, tabo ne manya kamar tafin hannu. Inda babu tabo ma naman bai yi launin gwaiba ba. Ya yi duhu kamar hanta, ya bushe, in ka taɓa yana manne wa yatsa.

"A waje fata ta rufa maka asiri," in ji Ɗanlami. "Ni kuma aikina cire fata."

Mama Chinyere ta iso da robobinta, ta sha sabon kitso, tana ta fara'a. Ta danna yatsa a cinya ɗaya. Ta matsa ta danna ta biyu. Na jira ta yi ihu, don ta iya, amma ba ta yi ba.

"Chei," ta ce a hankali. "Wannan ba naman Baba ba ne."

Ba ta da lokacin neman wani. Ɗanlami ya yanke wuraren tabo ya zubar, abin da ya rage bai cika robobin ba. Washegari aka yi biki a harabar coci. Ni ban je ba, Ɗanlami ne ya ba ni labari. Ya ce farfesun ba daɗi ba ƙamshi, wanda aka ajiye don baƙin yamma kuma ya soma wari tun rana ba ta yi sanyi ba. Ya ce mai magana da lasifika ya riga ya kira sunan Baba Audu, an yi masa tafi a matsayin mai naman. Tsohon ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ajiye cokali ya sunkuyar da kai.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga shi a garken Keffi, an sauke shi a acaɓa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Shiga in gani."

Na buɗe ƙofa na shiga. Babu komai a hannuna. Maruƙa sama da ashirin suka watse, suka haɗu a kusurwa ɗaya, suna hawa kan juna, idanu a waje. Baba Audu ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya dafa danga ya shigo da ƙyar, ya kife bokiti ya zauna. Ya soma 'yar waƙar nan tasa. Waɗannan maruƙan ba su taɓa ganinsa ba. Amma ba a jima ba wani ja ya miƙo wuya, ya tako, ya tsaya, ya sake takowa, har ya kama masa yatsa.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ni ka doka?" in ji shi. "Tashi ka kira mini mai acaɓa."

Gidan abincin ya nufa, na bi shi a baya. Tsoho mai furfura ya cire hula a gaban Mama Chinyere ya ce laifinsa ne, shi ya tsaya mini. Ta riƙe masa hannu ta ce, "Haba Baba, mayar da hularka, kada ka sa ni kuka." Sannan ta juyo ta nuna ni da ludayi. "Kai kuma, kada ka kawo mini nama in duba. Ranar da maruƙa suka zo wurinka kamar yadda suke zuwa wurin Baba, ka kira ni in zo in gani da idona. Kafin nan, ko gaishe ni kada ka tsaya yi."

Na rufe garken Agwada. Na rage maruƙan har suka dawo goma. Kowace safiya bayan na ba su madara, sai in kife bokiti a tsakiyar garke in zauna, hannuwana a kan gwiwa. Waɗanda suka san tsumagiyata ba su taɓa zuwa ba, har suka bar hannuna suna kewaye ni daga nesa. Na kawo sababbi, na koma ba da yatsu. A nan na gane ba su kaɗai ne ke bukatar koyo ba. Hannuna ya saba fizga, muryata ta saba tsawa, ko tafiyata ta yi musu ƙarfi. In na miƙe da sauri sai su zabura. Sai da na koyi tashi kamar mai ciwon baya. Waƙar Baba ban iya kalmominta ba, sai na riƙa yin muryar kawai da baki a rufe. Wani ƙarami ya kamu da gudawa, na yi kwana shida ina ɗura masa ruwan gishiri da sukari da cokali, ina lulluɓa masa buhu. Da ya tashi na raɗa masa suna Direba, don ba ya son jira.

Rani ya wuce, aka ce jikin Baba Audu ya yi tsanani, 'ya'yansa sun mayar da shi Gitata. Na ce ba zan je masa hannu rabbana ba, sai na sami labarin da zan faɗa masa. Wannan ma kuskure ne, na biyu.

Wata safiya da damina ta zauna, hazo ya taso daga rafi kamar na da. Ina zaune a kan bokiti, hankalina ya tafi, ina ganin kamar tsohon na tafe a cikin farin nan da bokitinsa. Sai na ji ana jan hulata ta baya. Direba ne. Wani ya kama gefen rigata yana tauna, wani ya ɗora haɓarsa a kafaɗata yana huci mai ɗumi a kunnena. Na ƙirga da ido, duka goman suna kewaye da ni. Ban motsa ba har rana ta kore hazon.

Mama Chinyere ta zo bayan kwana biyu. Ta tsaya a bayan danga da jakarta a hammata, na shiga, suka taso suka rufe ni har ina neman faɗuwa. Ta daɗe tana kallo.

"To," ta ce, "yanzu ka zauna. Kawo biyu ranar Alhamis. Alhamis na ce fa, Garba, ba Juma'a ba."

Ko hannu ban wanke ba na hau mota zuwa Gitata. Na sami Baba Audu kwance a kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari. 'Yarsa ta ce tun watan jiya ba ya gane mutane. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne Garba. Sun zo. Duka goma sun zo, Madam ta gani."

Ya lalubo hannuna ya kai hancinsa. Ya sunsuna yatsun, har lokacin da ƙamshin madara da yawun maraƙi a jikinsu. Sai fuskarsa ta saki.

"Wannan hannun mai kiwo ne," in ji shi. "Daga ina?"

"Daga Keffi, Baba."

"Keffi. To ka san wani yarona Garba?"

"Na san shi."

"Yaron kirki ne, sauri ne ya yi masa yawa. In ka koma, don Allah ka ce masa ya ajiye sandar nan."

Na ce zan faɗa masa. Ya riƙe yatsuna biyu a tafinsa, ya soma waƙar a hankali, har barci ya ɗauke shi. Bayan kwana tara aka yi jana'izarsa.

Yau 'yar da aka yi wa bikin nan ita ke riƙe da gidan abincin, kuma har yanzu daga garkena take ɗaukar nama. Ɗanlami ya tsufa, amma in ya ɗaga fata ya ga bayan maraƙi fes, sai ya ce, "Sarkin sauri, yau ba ka yi mana rubutu ba?" Katakon hawa na Baba yana nan, na sake masa ƙusoshi sau uku.

Ku samarin da kuke son shiga wannan sana'a, ga roƙona. Ku riƙe adadin da yatsunku za su iya shayarwa. Ku kashe injin mota, ku shimfiɗa yashi, ku kai su tun ana gobe su kwana su sha ruwa. Ranar da kuka ji hannunku yana neman reshen tsamiya, ku fita daga garken ku zagaya har zuciyarku ta sauka. In kuma kun yi wa wanda ya koya muku aiki laifi, ku je ku zauna kusa da shi tun yana gane fuskarku. Saƙon da tsohon ya ba ni in kai wa Garba, na kai, amma babu wanda zan koma in gaya wa an ajiye sandar. Ga shi na miƙo muku. Don Allah kada wani a cikinku ya ɗauke ta.